Ni da gidan kallon ƙwallon da ke jikin tagata, daga Fabrairu zuwa Agusta

Laraba, 12 Fabrairu 2025

Jiya ban runtsa ba sai wajen ɗaya da rabi, huɗu da rabi kuma na tashi, don motar 'yan makaranta nake ja, yara goma sha takwas ne a bayana kullum safiya. Yau a shataletale saura ƙiris in hau bayan wani mai adaidaita saboda gyangyaɗi, kondastana ne ya daka min tsawa. Shi ya sa na ce bari in fara rubuta abin nan, ko banza na rage zafin zuciya.

Shekarata uku a gidan nan a Kano, fulat huɗu ne, ni ne na gefen titi. A Disamba Alhaji mai gidan ya sa aka rufe filin da ke jikin bangona da kwano, ya ba wani yaro haya ya buɗe gidan kallo. Talabijin uku, sifika biyu manya irin na biki, sai janareta da aka cusa a lungun bayan ɗakin kwananmu, taku huɗu daga taga, na ƙirga. Da wasa ne kawai da sauƙi, tara a fara sha ɗaya a tashi. To amma in an tashi sai a koma buga gem da musu, wane ya fi wane, har ɗaya na dare janareta na ta ruri. Jiya da Bellingham ya ci City a mintin ƙarshe ihun da aka yi sai da jaririyarmu ta firgita ta shiɗe da kuka.

Asabar, 15 Fabrairu

Na samu yaron da safe yana shara. Gaskiya yana da ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce "Yaya ka yi haƙuri, wallahi ban san yana shigo muku haka ba, in sha Allahu za a gyara." Na ji daɗi na dawo na gaya wa maman yara an gama. Ta ce to Allah ya sa.

Alhamis, 20 Fabrairu

Kwana biyu gyaran ya yi. Jiya Mbappe ya ci uku, ni ma na ci uku, wato barcin awa uku.

Maƙwabcina na fulat na biyu ya ce min abin ai mai sauƙi ne, a bari sai sun tafi a zuba wa tankin janaretan sukari. Ba zan ɓoye ba, sai da na kwana ina juya maganar. Da safe na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu lauya ne, Barista muke ce masa ko a gaban 'ya'yansa. Ina gama faɗa ya ce "mutumina kar ka soma, yanzu kai ke da gaskiya, ranar da ka taɓa injin nan ka zama mai laifin ɓarna da shiga wurin da ba naka ba, shi zai kai ka ƙara kuma zai yi nasara." Ya ce in zo gida ran Lahadi.

Lahadi, 23 Fabrairu

Na yi awa biyu a wajen Barista, na cika shafi uku. Bari in sa a nan kar takardar ta ɓata.

Tambayar da na fara yi masa ita ce wai ni da nake ɗan haya ina da bakin magana kuwa, tunda gidan ba nawa ba ne. Ya yi dariya ya ce wannan tunanin ne ke sa 'yan haya suna ta haƙurin dole. A doka wanda ke zaune a gida da haƙƙin zama shi ake cutarwa, don haka shi ke da ikon shigar da ƙara a kan maƙwabcin da ya hana shi jin daɗin wurin, ko da mai gida bai ce uffan ba. Kuma ba sabon abu ba ne a kotunan Najeriya. Ya ba ni labarin shari'ar Abiola da Ijoma ta 1970 a Legas, mutum ya tara kaji ɗaruruwa a jikin katangar maƙwabcinsa a Surulere, kukansu da asuba da wari suka hana mutane sakat, kotu ta hana shi ta kuma sa ya biya diyya. Akwai ta Moore da Nnado a 1967, ita kuma mashaya ce da ke sakin kiɗa har tsakar dare. Na ce ashe kaji ma an yi shari'arsu balle Madrid.

Amma ya ce kotu ba ta kama mutum don kawai ya yi ƙara, zaman tare dole a ji motsin juna. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ƙarfin ƙarar, da lokacin da ake yin ta, da daɗewarta, da irin unguwar. Abin da za a jure a Sabon Gari kusa da kasuwa ba shi za a jure a lungun gidajen kwana ba. Kuma da ma'aunin mutum na yau da kullum ake aunawa, ba na wanda ko faɗuwar cokali ke tashinsa ba.

Sai dokar gwamnatin tarayya. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009, da alƙaluma a ciki. Wurin da gidajen kwana ne zalla, desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗu da 'yan shaguna da wuraren nishaɗi, 55 da rana, 45 da dare, ya ce mu nan muka fi faɗawa. Dare a wajensu daga goma ne zuwa shida na safe. Ana iya rubuta musu ƙorafi.

Na ce to shi Alhaji fa, ba shi ya jawo ba? Nan ya ɗan yi shiru. Ya ce alƙawarin da ke kan mai gida na barin ɗan haya ya zauna lafiya ya fi shafar abin da shi mai gidan ya yi da hannunsa, ba duk abin da wani maƙwabci ya yi ba. Amma tawa ta ɗan bambanta, don shi ya gina rumfar, shi ya bayar da ita don a yi wannan sana'ar, ya kuma san abin da ake yi a gidan kallo da dare. Mai gidan da ya ba da wuri don abin da dole ya cutar da maƙwabta ba zai ce ba ruwansa ba.

Abu biyu ya ja min kunne a kai. Kar in ce zan riƙe kuɗin haya don fushi, wannan shi ne miƙa wa mai gida wuƙa. Sannan in rubuta komai, rana, lokaci, me aka yi, wa ya ji. Ya ce kotu ba ta san "kullum suna damuna" ba, ta san ranar kaza ƙarfe kaza.

Na tambayi kuɗi in za a je babbar kotu neman odar hanawa. Da ya faɗi adadin, wai ma ragi ya yi min, sai na ce masa bari dai mu fara da sauran hanyoyin.

Talata, 4 Maris

Azumi na huɗu. Abin ya ƙaru, yanzu sai sahur suke watsewa.

Na sauke manhajar auna ƙara a waya. A kan gado, taga a rufe, janareta kaɗai 61 zuwa 64. In na buɗe taga 70. In aka ci ƙwallo yana taɓa 80. Ranar da NEPA ta bar wuta suka kashe injin bayan sun tashi na auna, 38. Barista ya ce awon waya ba shi kotu za ta dogara da shi ba, sai na'urar gaske a hannun jami'i, amma in ci gaba don yana nuna yadda abin ke tafiya. Bidiyon da nake ɗauka kuma kar in goge na asali daga wayar, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman a yi bayanin na'urar da ta ɗauka kafin a karɓa. Wani abin da ban sani ba, ashe ƙarin desibel 10 a kunne kamar an ninka ƙarar ne, to tsakanin 45 da 64 ba ɗan ƙaramin tsallake ba ne.

Na rubuta wa Alhaji takarda, shafi ɗaya, da Hausa, ba zagi ba barazana. Na roƙi abu uku, a matsar da janareta, a rage sifika bayan goma, a rufe sha biyu. Na yi kwafi biyu na kai wa kiyateka, wato mai kula wa Alhaji da gidan, na ce ya sa min hannu a ɗaya ya rubuta kwanan wata. Sai da ya kalle ni sama da ƙasa tukunna ya sa.

Alhamis, 13 Maris

Atletico da Madrid har fenareti, wajen sha biyu saura aka gama, musun ƙwallon Alvarez da aka soke kuma har biyu da kwata. 83 na gani a waya, shi ne mafi yawa zuwa yanzu.

Amsar Alhaji ta zo ta bakin kiyateka: wai shi ma abincinsa yake nema, wanda zaman bai yi masa ba ga hanya nan. Na rubuta yadda ya faɗa da lokacin da ya faɗa.

Laraba, 19 Maris

Bayan an tashi daga tafsiri na tsaya wajen Malam na masallacinmu, na ce Allah gafarta Malam in na kai maganar nan kotun Musulunci ya za ta kaya? Ni a zatona zai karanto min hadisin ba cuta ba cutarwa shikenan a ce na yi nasara. Ya karanto ɗin, amma ya ce tsaya, malaman Malikiyya sun rarrabe. A Mukhtasar na Khalil an ce ana hana maƙwabci hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema, amma ba a hana shi sauti irin na bugun tufafi. Ya ce ka ga mabuga da ke cikin gari, da za a ce duk mai sana'ar da ke ƙara a tashe shi, da ba maƙeri ba kafinta a Kano. Gabana ya faɗi. Sai ya ƙara da cewa masu sharhi sun yi togaciya, in sautin ya tsananta kuma ya dawwama ana hanawa, kuma bugun rana daban, hana mutane barcin dare daban.

Daga nan ya tambaye ni, shi injin ba ya hayaƙi ne? Na ce yana yi mana, labulen ɗakin ma ya yi baƙi, maman yara kullum da ciwon kai take tashi. Ya ce to kai da ka zo da maganar ƙara, ga babbar hujja ka bari a gida.

Wallahi ban taɓa kawo hayaƙin a lissafi ba, ihun ne ya cika min kunne. Da na gaya wa Barista ya ce Malam ya fi shi gani, hayaƙin janareta na kashe mutane a cikin barci, iskar da ke kisan ma ba ta da wari ba ta da launi, kuma wannan aikin duba-gari ne kai tsaye. A daren muka mayar da katifar yara falo.

Laraba, 2 Afrilu

An yi sallah lafiya. Turawa sun canja agogonsu ran Lahadi, wasan da ake farawa tara ya dawo takwas, na samu rarar awa ɗaya ba da taimakon kowa ba.

Na zaga da takarda gida-gida. Gida bakwai sun sa hannu, biyu sun ƙi, ɗaya ɗansa ne ke karɓar kuɗin ƙofa a wurin, ɗayan kuma ya ce shi ba ya shiga rigimar Alhaji don shi ma haya yake a wani gidan nasa. Ban ga laifinsu ba. Mai shawarar sukari da na zo da biro sai ya ce bari ya yi tunani. Daga baya dai matarsa ta sa shi ya sa.

Amfanin yawan, inji Barista, in mutum ɗaya ake damu to tsakaninsa da maƙwabcinsa ne, in kuwa jama'ar wuri ake damu ya zama laifi a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ana iya kai wa 'yan sanda ko a rubuta ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Ya ce a 1991 ma Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Adediran da kamfanin Interland, mazauna wata unguwa a Isolo da tireloli suka addaba da ƙara da tare hanya, cewa mutanen unguwa na iya kai ƙara da kansu ba sai sun jira izinin Antoni Janar ba. Ni dai ban son 'yan sanda su shigo tukunna. In aka ɗauke yaron nan a mota gaban abokansa, ko an sake shi da yamma, gaba ce ta shekaru, kuma ni ke fita huɗu da rabi na asuba ni kaɗai a layin.

Laraba, 9 Afrilu

Tunda na ce komai zan rubuta bari in rubuta wannan ma. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu. Jiya da Rice ya ci Madrid da firikik na biyu ban san lokacin da na fita tsakar gida ba takalmi ina ihu, ta taga nake jin sharhin. 3 da nema. Maman yara ta leƙo ta ce "Malam a kawo maka wayar ka auna?" Ban auna ba.

Amma ko jiyan wasa ya ƙare kafin goma, janareta bai mutu ba sai ɗaya saura.

Asabar, 19 Afrilu

Zama a zauren Mai Unguwa bayan la'asar. Ni, da mutum huɗu cikin masu sa hannu, da yaron da yayansa, da Malam, Alhaji ya turo kiyateka. Na so ya zo da kansa amma ko haka ma ci gaba ne.

Da aka ba ni dama na ce ranka ya daɗe ni ban zo a rufe wa kowa sana'a ba, na buɗe littafin na fara karantowa, ranar kaza ƙarfe kaza, ranar kaza ƙarfe kaza. Ban kai rabi ba Mai Unguwa ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Sai na miƙa labulen, da ma na zo da shi a leda. Wannan labulen ya yi aikin da duk alƙalumana ba su yi ba, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu ana sansanawa ana salati.

Yaron ya yi magana shi ma, kuma na tausaya masa. Bashi ya ci ya sayi talabijin, ga kuɗin DStv duk wata, ga fetur lita ta kusa dubu, gem ɗin dare shi ke fitar masa da kuɗin mai, in ya rufe sha ɗaya ba riba. Ya ce lungun nan kuma ba shi ya zaɓa ba, nan aka nuna masa. Kowa ya juya ya kalli kiyateka.

An tsaya a kan janareta ya koma gaban rumfa ta bakin titi cikin sati biyu a gina masa ɗaki da bulo, sifika ɗaya kawai bayan goma, a rufe sha biyu sai in wasa ya kai ƙarin lokaci. Mai Unguwa ya so a tashi da fatiha kawai, na ce ranka ya daɗe a taimaka a rubuta. Yayan yaron ya ɓata rai wai ba a yarda da su ba ne, Malam ya ce ai bashi ma Allah ya ce a rubuta. Aka rubuta kowa ya sa hannu, Mai Unguwa ya buga hatimi, na ɗauki hoto na tura wa Barista. Ya ce da a cibiyar sulhu ta kotu aka yi, wadda ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, alƙali na iya sa mata hannu ta zama kamar hukunci, amma wannan ma hujja ce mai kyau, ta nuna sun san da cutarwar sun kuma yi alƙawari.

Lahadi, 4 Mayu

An matsar da injin. Ba a gina ɗakin ba, kwano aka jingina masa. A kan gado 52. Na yi barci har mafarki.

Laraba, 14 Mayu

Na dawo aiki na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Notis, wai in tashi cikin wata ɗaya, mai gida zai yi gyara. Fulat huɗu, nawa kaɗai ke son gyara. Maman yara har ta fara tambayar kwalaye.

Asabar, 17 Mayu

Barista ya karanta ya ajiye ya ce in sha ruwa. Kuɗina na shekara ne kuma na biya har ƙarshen Oktoba, ga rasit. Ba mu da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban, to a ƙa'ida mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai sati sati ɗaya. In wa'adin ya cika kuma sai an ƙara ba shi na kwana bakwai, sannan a je kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire kwano ko canja kwaɗo ko yanke wuta don a kore ka duk laifi ne a kan mai gida. Amma ya faɗa min gaskiya, wannan takardar ce ba ta da ƙarfi, in Alhaji ya sake rubuto ta daidai babu dokar da za ta tilasta masa ya ci gaba da ba ni haya har abada. Wato lokaci zan samu, ba gida ba.

Ya rubuta amsa a takardar ofishinsu, layi takwas, ya haɗa da kwafin rasit da na yarjejeniyar zaure. Kuɗin mai kawai ya karɓa.

Talata, 17 Yuni

Shiru daga ɓangaren Alhaji tun wancan lokacin, mun haɗu a sallar layya ma mun gaisa kamar ba komai.

Ni da na ɗauka an gama kaka tun ranar da PSG ta yi wa Inter 5, ashe akwai gasar kulob-kulob ta duniya a Amurka, kuma wasu wasannin sha ɗaya na dare ake farawa wasu biyu na dare agogonmu. Ga damina ta sauka, ruwa na dukan injin a bakin titi tunda ba a gina ɗakin ba, sai kawai suka mayar da shi lungun tagata. Daren Lahadi har huɗu. Na fita tada mota su kuma suna fitowa.

Na samu yaron, wannan karon ba "Yaya ka yi haƙuri", cewa ya yi takardar ai ta ce in wasa ya kai a bari a gama. Na koma na karanta, kuma wallahi yadda muka rubuta ta yana da ɗan abin kamawa, ba mu kawo wasan biyun dare a rai ba. Amma maganar wurin janareta ba ta da wata fassara.

Talata, 24 Yuni

Na sanar da Mai Unguwa tukunna don kar ya ji a sama, ya ce je ka, mun yi namu. Na kai ƙorafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma wajen duba-gari. Hayaƙi na sa a gaba, ƙara ta biyo baya. Na haɗa da hoton injin a ƙarƙashin taga, takardar sa hannun gida bakwai, yarjejeniyar zaure, da katin asibitin da aka duba maman yara. Aka buga min sitamfi a kwafina. Na NESREA ma na rubuta ta tana cikin fayil, in wannan ba ta yi ba ita ce ta gaba.

Alhamis, 3 Yuli

Sun zo su biyu, mace da namiji, da yamma. Suka sa aka tada injin, matar ta shiga ɗakinmu ta tsaya jikin taga, ko minti biyu ba ta yi ba ta fito tana tari. Suka rubuta takardar gargaɗi ta kwana bakwai a kawar da abin, in ba haka ba kotu. Abin da ya fi min daɗi, kwafi biyu suka rubuta, ɗaya na yaron ɗaya na mai gida. Da magariba sai ga motar Alhaji, rabon da in gan shi a layin nan tun Disamba.

Asabar, 19 Yuli

An gina ɗakin janareta, bulo da ƙofar ƙarfe, salansa an ja ta da bututu ta kalli titi. Na ji an ce Alhaji ne ya ba da bulo ya ce a cire a kuɗin haya. Yaron kuma ya karɓo inbata da batir biyu biya-sannu, bayan sha ɗaya da su yake gem, ashe ma ya fi masa arha a kan fetur. Har yanzu ba ya gaishe ni, in na wuce sai ya duƙufa a waya. Yayansa ne ma ya tare ni ya ce komai ya wuce.

Abin da na kashe zuwa yau, fotokwafi da kuɗin mota da man Barista da goron zaure, dubu goma sha tara da ɗari biyar. Labule sabo dubu shida.

Litinin, 18 Agusta

An dawo Firimiya. Juma'a wasan Liverpool ya ƙare kafin goma, na auna sha ɗaya da rabi, 44 a kan gado taga a rufe, 49 a buɗe. Ihu in an ci ƙwallo yana nan, wannan sai dai in an canja mutanen Kano, na kuma daina rubuta shi.

Jiya na biya ɗari biyu na shiga na kalli United da Arsenal, benci na uku. Yaron ya karɓi kuɗin bai ɗago ba, da aka tafi hutun rabin lokaci sai ga ƙaramin yaronsa ya kawo min fiya wata mai sanyi wai inji oga.

Kiyateka ya aiko wai in zan sabunta a Nuwamba an ƙara dubu tamanin, duka fulat huɗun ba ni kaɗai ba, na tambaya. Barista ya ce in zan zauna to wannan karon a yi yarjejeniya a rubuce, a sa wa'adin notis, a sa maganar lungun nan cewa ba za a sake ajiye inji a ciki ba. Na ba kiyateka daftarin yau da safe, ya ce zai kai wa Alhaji ran Juma'a. Maman yara kuma ta ce kafin Juma'ar mu je mu ga wani gida da ƙanwarta ta faɗa mata, wai ba shago ko ɗaya a layin, sai dai akwai injin markaɗe a gidan da ke kallonsa.